Mai Keke, Ɗaga Kanka Sama

Kai da ka baro ƙauyenku a yankin Sandamu ko Baure tun kafin gari ya waye, buhun gero ɗaure a bayan keke, da kai nake. Da kai ma, malamin firamare da ka jingine babur a zaure ka kakkaɓe ƙurar tsohon keken Baba, da magini mai ɗaure cokali da kwano a kariya, da ke Inna mai tafe da ƙwaryar nono a ka tun daga ruga har cikin birnin Daura. Na san akwai mai wuce ku a mota yana muku kallon tausayi. Ku bar shi da tausayinsa.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye wajen naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a 2024. Babura da yawa suka kwanta, kekuna suka tashi, masu faci suka samu kasuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke hawa keken kansu a sunkuye, kamar an kama su da laifi, suna gudun kada surukai su gan su. Kunyar me? Mutanen Maiduguri sun riga mu: da aka hana hawa babur a garin a 2011, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka koma keke, kuma gari bai tsaya ba.

Bari in ba ku labarin wata hanya a jihar Misuri ta Amurka, ana ce mata Katy Trail. Tsawonta ya haura kilomita 380, kuma mafi yawanta gaɓar kogin Misuri take bi. Asalinta layin dogo ce. Da jirgi ya daina bi, aka ciccire ƙarafan, aka zuba niƙaƙƙen dutse aka daddaɓe, aka fara buɗe ta a 1990 don masu keke da masu gudu da masu tafiya a ƙasa. Mota ba ta shiga. Dalilin da ya sa tsohon layin dogo ke daɗin hawa a fili yake: jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka tun wajen shimfiɗa layin aka sassare tuddai, aka cike kwaruruka, hanya ta miƙe sumul. Tsoho ma sai ya yi nisa bai yi haki ba. Mutanen can kan ɗauki hutu, su ɗaura keke a bayan mota, su biya kuɗin masauki, ba don komai ba sai su taka feda su yi gumi a bakin ruwa. Gumin da suke saye da dala, kai kana yin sa kullum, kuma a ƙarshensa akwai cefanen gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, don rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Wanda ke zuwa gona da keke ya cika wannan kafin Laraba. Masu wuni a kan kujerar ofis ko bencin shago, su ne ya kamata su ji tsoro, kuma su ma ina kiran su: bayan sallar asuba, kafin rana ta yi kaifi, a fita a zaga unguwa da sassarfa. Gudu ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Magajiya ko Sallar Gani ya ga zagage da dogarai suna bin dawaki a ƙasa cikin rana da ƙura, ba wanda ya ce da su 'yan wasan motsa jiki, alhali huhunsu ya fi na masu rigar wasanni da yawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai dai ba zan yi muku daɗin baki ba, hanyarmu ba ta Misuri ba ce. Mai keke a titin Daura zuwa Kwangwalam, musamman ranar kasuwar Mai'aduwa, yana rabon kwalta da manyan motocin shanu da na hatsi, kuma direban tirela ba ya ganin wanda ba shi da fitila. Ka sa fitila gaba, ka maƙala abu mai ƙyalli a baya, ka gyara birki kafin ka sayi sabon sirdi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ɗauki gorar ruwa, ka bar tsakar rana ga wanda ba shi da iyali.

Ga inda nake so mu buɗe ido sosai. A Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi. Su Amurkawa sai da jirginsu ya mutu suka gaji hanyarsa. Mu ma mun taɓa samun irin wannan gado muka yi sakaci da shi: ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza an rufe shi a 1957, ba a mai da shi hanyar masu keke da masu ƙafa ba. Wannan karon ba sai mun jira mutuwar komai ba. Duk inda ake shimfiɗa dogo, sai an share fili mai faɗi an yi hanyar motocin aiki a gefensa. Me zai hana a daddaɓe wannan gefen, a raba shi da layi da shinge, a bar wa masu keke da masu ƙafa? Ba mu da kogi mai gudu rani da damina da zai sanyaya mana hanya, amma muna da darbejiya, kuma ba ta tsoron fari. Shekara biyar da dasawa, inuwa ta samu.

Ba wanda zai kawo mana wannan muna kwance. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da na masu gyaran keke, ku zauna ku tsara bukata, ku bi ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai har ta isa fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ku kuma kai kwafinta ga shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Ku nemi mashigai a inda layin ya raba ƙauye da gonakinsa, don kada a tilasta wa mai kaya zagaye mai nisa. Ku nemi rumfar ajiye kekuna mai gadi a tashar Daura. Ku ɗaliban Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan garin, ga aikin kammala karatu a ƙofar makarantarku: ku fita da ma'auni, ku ƙirga kekuna nawa ke shigowa gari da safe da ta wace hanya, ku zana taswirar, ku miƙa wa iyayenku su tafi da ita fada.