Yaro Ɗaya, Larura Biyu: Kada Mu Bar Uwa Ita Kaɗai



Akwai yaran da muke gani a layukanmu, masu faffaɗar fuska da ɗan karkatattun idanu, jikinsu da laushi tun suna goye, zama da rarrafe da tafiya duk sai sun makara. Mukan haɗa su da duk wani mai tawayar ƙwaƙwalwa mu ce galahanga ne, mu wuce. Likitoci suna kiran abin da ke damunsu larurar Down, da sunan John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana siffofinta a 1866. A 1959 masu bincike a Faransa suka gano sanadinta: ƙwayoyin halittar jikin mutum suna ɗauke da zaren gado 46 da ake kira kuromosom, shi kuwa wannan yaro nasa 47 ne, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Tun shigar ciki aka ƙaddara haka. Ba wankan magariba uwar ta yi ba, ba gindin tsamiya ta bi ba, ba kuma aljanu suka yi musaya ba. A cikin jarirai kusan 1,000 da ake haifa a duniya akan sami ɗaya, a gidan sarki da na talaka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu daga cikin waɗannan yara suna ɗauke da larura ta biyu, wadda ta farko take rufewa. An san masu larurar Down da fara'a, da son mutane, da kwaikwayo. Da haka ake lallashin uwa, a ce mata, "Ki yi haƙuri, ai irinsu akwai shiga rai." Sai ta zuba ido ta ga nata ba haka yake ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya haɗa ido, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, sai dai ya ja hannunta ya ɗora a kai. Yakan zauna yana rangaji ko yana kaɗa wani tsumma a gaban idonsa har a gaji da kallo. Injin markaɗe ko janareta na tashi, ya toshe kunne yana kururuwa. Abinci iri biyu ko uku kawai yake ci, in an sauya masa kofi ma ranar ba zaman lafiya. Wani ma ya fara cewa "Mama" da "ruwa", sai kalmomin su ɓace. Wannan ita ce larurar otizim, wadda ke taɓa yadda yaro yake hulɗa da mutane da yadda yake jin ƙara, haske da taɓi. A cikin sauran yara akan same ta a kusan ɗaya cikin 100. A cikin masu larurar Down kuwa, bincike ya nuna kusan ɗaya ne cikin shida.

Uwa takan fara lura tun kafin kowa. Ta faɗa wa miji, ya ce ai haka suke. Ta faɗa wa surukarta, ta ce shagwaɓa ce. Ta je asibiti, can ma wani lokaci a dubi fuskar yaron a ce larurarsa ce ta kawo haka. Shekaru su wuce, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo, yaron yana shan duka a kan taurin kan da ba shi da shi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Yaron da ke buga kansa da bango sau da yawa magana yake yi: haƙori ne ke ciwo, ko kunne, ko cikinsa ya ɗaure, ba shi da bakin faɗa. Mu kuma mu amsa masa da bulala.

Don haka idan uwa ta ce ɗanta ya bambanta, a saurare ta, a kai shi ga likitan yara. A fara da gwajin ji, domin da yawansu ba sa ji sosai, kuma rashin ji yana kama da otizim. A duba ido, a auna jini don ganin aikin tayirod da ke wuya, a duba zuciya, tunda kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu. Daga nan a nemi likitan halayyar yara. Ana iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro mahaukaci ne. Babu maganin da ke cire larurorin nan biyu, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Amma horo yana aiki. A tsara wa yaro yininsa iri ɗaya kullum, a gajarta masa magana, a koya masa nuna hoton kofi, tuwo ko masai in yana buƙata. Yaron da ya sami hanyar cewa "ƙishirwa nake ji" ihunsa yakan ragu.

Maza, ku ji tsoron Allah. Nawa ne cikinku suka ce "mu dai ba a haifar irin wannan a danginmu", suka tattara uwa da ɗa suka mayar gidan iyayenta? Gaskiya ne yawan shekarun mace yana ƙara yiwuwar larurar Down, amma mafi yawan yaran nan matan da ba su kai 35 ba ne suka haife su. Ba laifin kowa ba ne. Ɗanka ne, sunanka yake amsawa, kuma kai za a tambaya. Matar da ta kwana uku ba barci tana buƙatar ka karɓe shi bayan isha'i ta runtsa, fiye da yadda take buƙatar wa'azin haƙuri.

Malamanmu, addu'a tana da muhimmanci, kuma iyayen nan sun fi kowa buƙatarta. Sai dai kulle yaro mai raunin ƙirji a ɗaki da hayaƙi, ko dukansa da sunan fitar da aljani, zalunci ne. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. Ku faɗa a kan mumbari, ku ma fastoci ku faɗa a majami'u, cewa irin wannan yaro ba ɗan ruwa ba ne, ɗan Adam ne mai haƙƙi. Ku kuma taimaka a kashe jita-jitar cewa allurar rigakafi ke kawo otizim. Rahoton da ya haifar da zancen a Ingila a 1998 an janye shi a 2010 bayan an gano ba gaskiya ba ne, kuma yaran nan, da sanyin ƙirji ke saurin kayar da su, sun fi kowa buƙatar rigakafi.

Mu kuma maƙwabta, ɗa na kowa ne muke cewa. Amma uwar irin wannan yaro ta daina zuwa biki da suna, saboda kallo da ƙus-ƙus da "da kin bar shi a gida". Wa za ta bar wa? Ku hana yaranku tsokanarsa da jifansa. Ku rufe rijiyoyinku, domin masu otizim sukan sulale su fita, ruwa kuma yana jan hankalinsu. Duk wanda ya gan shi shi kaɗai a bakin kududdufi ko titi, ya riƙe hannunsa a hankali ya mayar da shi gida. Masu makarantun boko da na islamiyya su sani cewa dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi. Ko gaisuwa da wanke hannu ya koya a aji, ya ƙaru.

A ƙasashen da ake kula da su, masu larurar Down yanzu suna kai shekara 60. Namu ma za su girma, iyayensu za su tsufa, kuma tambayar da ke hana su barci ita ce wa zai riƙe shi bayan ransu. Dangi su zauna su amsa wannan tambaya tun iyayen suna raye. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan gida a layinku, ka yi sallama a wannan mako, ko ka tura iyalinka, a tambayi uwar abin da take buƙata, a kuma yi mata shi.