Ba Ka Cikin Littafi

A Zariya in aka ce rediyo, hankali kan tafi ne ga akwatin da ake kai wa mai gyara a Sabon Gari in ya fara shaƙewa. Amma akwai masu rediyon da ba su tsaya a sauraro ba. Suna da lasisi da na'urar aika murya a gida, suna kiran juna ta gajeren zango daga nahiya zuwa nahiya, don sha'awa kawai. Lambar kiran ɗan Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U.

Abin da suke fafutuka a kai shi ne DXCC, shaidar yabo da ƙungiyar ARRL ta Amurka ke bayarwa tun 1937 ga wanda ya zanta da ƙasashe da yankuna 100, cikin 340 da ke jerin a yau. Ko sisi babu a ciki, takarda ce ta rataya a bango. Hujjar kuwa kati ne da ake kira QSL, wanda abokin zancen zai aiko da rana da lokaci da mita.

Duk da haka ana maguɗi. A 1992 Romeo Stepanenko ya yi ta amsa kira da lambar P5RS7, wai daga Koriya ta Arewa, inda kowa ke ƙishirwar samu. Ashe a Rasha yake zaune. ARRL ta yi watsi da katunan, ta kore shi daga shirin.

Ni ƙaramin maguɗin ya fi damuna. Wani a Jamus zai jiyo 5N cikin ƙugin iska, bai tabbata an ji shi ba, ya aiko kati da dala biyu na kuɗin sufuri, yana fatan a yi masa kara. Buga kati ba aiki ba ne. Masu kwamfuta a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, za su fitar maka da wanda ya fi na gaske kyau. Nauyin yana kan mai tasha. Zai buɗe littafin da yake rubuta duk wanda ya zanta da shi kamar yadda mai shago ke buɗe na bashi, in bai ga lambar ba ya mayar da katin da amsar da kowa ya sani: ba ka cikin littafi. Ga Bahaushe mai jin nauyin baƙo, faɗin haka da wuya.

Tun 2003 ana loda littattafan a intanet, kwamfuta ta gwama na ɓangarorin biyu. Sai dai in mutum biyu suka haɗa baki a WhatsApp suka rubuta lokaci ɗaya, ita ba ta da kunnen da za ta ƙaryata su.