Haƙuri ne ko cutar da kai?

Goggona ta dawo gida Kpébié daga Kwatano da sabuwar gwiwa ta ƙarfe da roba. Likita ya rubuta mata parasitamol da maganin kumburi da tramadol na 'yan kwanaki, ya ce a riƙa ɗora ƙanƙara. Tana jin sunan tramadol ta ture ledar.

"Ɗan nan, ba ita ce ƙwayar da ke lalata samari ba? Haihuwa bakwai na yi ba a ji kukana ba, gwiwa ce za ta sa ni shaye-shaye?"

Na rasa bakin magana, domin ni da kaina na sha gabatar da shiri a rediyo kan ɓarnar wannan ƙwaya a Parakou da Djougou. Ashe tsoron da muka shuka ya tsiro har inda ba mu nufa ba.

Amma aikin gwiwa ba ya son kwanciya. Likitoci na tayar da majinyaci ya taka tun kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata, domin gwiwar da ba a lanƙwasawa takan sandare, jini kuma kan iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Wanda raɗaɗi ya hana barci, yaya zai yi atisaye? Mako guda Goggo tana cije leɓe, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa.

Nan na fara tambayar kaina, mene ne haƙuri? A ganina jure abin da ba shi da makawa ne. Jure ciwon da Allah ya hore maganinsa, har ya jawo nakasa, ya fi kusa da cutar da kai. Duk da haka tsoronta na da tushe. Tramadol dangin mofin ce, jiki na sabawa da ita. Bambancin yana ga awo da wa'adi da idon likita, abubuwan da mai saye a tebur ba ya da su.

Da muka koma, likitan bai raina ta ba. Ya ce ta tsaya kan parasitamol da ƙanƙara a kan lokaci, ƙwayar kuma sai kafin atisaye, kwana kaɗan a daina.

Ta yarda. Ranar da ta taka zuwa ƙofar gida ta dube ni ta ce, "Ka faɗa musu a rediyonku, ku riƙa ƙarasa magana."