Albarkar Kogi da Haƙƙin Mawaƙi

A shekarar 2013 aka fito da wani fim na tarihi mai suna Muscle Shoals, wanda ya ba da labarin yadda wani ɗan ƙaramin gari a bakin Kogin Tenesi, cikin jihar Alabama ta ƙasar Amurka, ya zama mahaifar waƙoƙin da suka game duniya, ta dalilin wani ɗakin ɗaukar waƙa da ake kira FAME. Tun da na kalle shi wata mas'ala take damuna, wadda na tabbata malamanmu na zaure sun fi masu fim sanin nauyinta: shin idan alheri ya ɓullo a wani wuri, wurin za a jingina wa, ko kuwa mutanen da suka yi gumi a cikinsa?

Mai fim ɗin, Greg Camalier, tun farko ya karkata ga kogi. Ana nuna ruwa yana tafiya a hankali, hazo na tashi daga kansa, ana kawo riwayar da aka gada daga ƙabilar Yuci, mazauna wurin na asali, cewa akwai waƙa cikin kogin nan. Sa'an nan mashahuran mawaƙa su yi ta tofa albarkacin bakinsu a kan sirrin ƙasar, har mai kallo ya saki jiki cewa sautin daga laka ya tsiro kamar yadda kainuwa ke tsirowa. Ba na musun cewa Allah Yana fifita wani wuri bisa wani, domin wannan sananne ne a wurin duk wanda ya yi karatu; amma Shi da Ya hukunta al'amura, Ya rataya su ga sabubba, kuma wanda ya ambaci albarka alhali ya tsallake sababi, sau da yawa haƙƙin wani bawan Allah ya binne bai sani ba.

Ga sabubban kuwa. A 1959 Rick Hall da Billy Sherrill da Tom Stafford suka kafa FAME a saman wani kantin magani a garin Florence, daga baya suka ɓaɓe. Hall ya koma wani tsohon sito na ajiye taba, inda a 1961 ya ɗauki muryar Arthur Alexander, wani saurayi baƙar fata mai ɗaukar wa baƙi kaya a otal, yana rera waƙar da ya tsara da kansa, You Better Move On. Ribar wannan faifai ita ce jarin da aka gina ɗakin FAME da ke titin Avalon da shi, wanda a cikinsa Aretha Franklin ta yi waƙa a watan Janairu na 1967.

A nan ne nake tuna wani malamina, Allah Ya jiƙansa, wanda in ɗalibi ya kawo labari mai daɗi sai ya ajiye tasbaha a kan buzu, ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa?" Idan muka bi isnadin wannan fim, za mu tarar mafi yawan labarin farko daga bakin Hall ya fito, dattijo mai murɗaɗɗen gashin baki, yana zayyana musibun da suka same shi: ƙaninsa da ya rasu yana yaro, uwar da ta tafi ta bar su, matarsa ta fari da haɗarin mota ya ɗauke, da uban da ya mutu ƙarƙashin tarakta. Wallahi labarin yana taɓa zuciya, ban kuma tuhume shi da ƙarya ba. Sai dai Alexander, wanda ya bar waƙa ya yi shekaru yana tuƙa bas a birnin Cleveland, ya rasu tun 1993, shekara 20 kafin fim ɗin. Saboda haka riwayar ta zo ta hanyar wanda ya yi tsawon rai kuma ya riƙe mabuɗin ɗakin, shi kuwa ɗayan shaidan ƙasa ta riga ta rufe bakinsa. Ibn Haldun ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddima cewa son wani ɓangare da yawan amincewa da mai ruwaitowa suna cikin ƙofofin da kuskure ke shiga tarihi ta nan, to ina ga riwayar da aka yi wa ado da kiɗa da hoton faɗuwar rana?

Haka kuma fim ɗin ya yi murna, murnar da ta dace, da cewa fari da baƙi sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa cikin ɗakin nan a zamanin da gwamna George Wallace yake rantsuwa a kan raba jinsi, a jihar da aka kashe 'yan mata 4 da bom a wani coci na Birmingham a 1963. Amma zumuncin da ke tsakanin bango huɗu bai amsa tambayar wanda ya mallaki faifan ba, da wanda ribarsa ta bi har 'ya'ya da jikoki. Wannan ce tambayar da na so a yi wa Alexander yana da rai, a ajiye masa makirufo kamar yadda aka ajiye wa Hall, a bar shi ya faɗi abin da ya gani a sito ɗin nan na taba, da abin da ya koma gida da shi a aljihu.