Ƙayar da Ba a Tsincewa da Hannu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya tsallake ƙaya a kan hanya. Ko an ta da iƙama sai ya sunkuya ya ɗauke ta, domin malamai sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma yanki ne na imani.

Shi na tuna ranar da na taso daga Birnin Kudu za ni Gwaram, motarmu na biye da wata akori-kura mai tuttulo baƙin hayaƙi. Tsohuwar da ke gefena ta toshe hanci da bakin mayafi, jikanta kuwa sai tari yake. Na ce a raina, wannan ma ai ƙaya ce. To, alhakin yaron nan yana wuyan wa?

Direba zai ce babu ce ta jawo, kuma yana da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, cinikin yini tanki ke lashewa, Allah kuwa ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma juyen baƙin mai da canjin ringi ba su fi ƙarfin mai motar da ke lodi kullum ba.

In kuma aka kawo zancen motar lantarki, wadda ba ta hayaƙi, sai wasu su ce harkar Turawa ce. Amma Jelani Aliyu, wanda ya zana fasalin motar Chevrolet Volt mai amfani da lantarki a Amurka, ɗan asalin Sakkwato ne. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire wa ƙananan bas-bas inji, ya sa musu batir da farantin sola, suka ɗauki fasinja. Ranar nan da ke ƙona mana ƙeya a Jigawa kyauta Allah ya ba mu, ba a bin layi a kanta.

Ita ma motar lantarkin tana da nata alhakin. Yawancin kobal ɗin da ake haɗa batir da shi daga Kwango ake tono shi, wani wurin har da hannun yara. Cutar da ta yi nisa da hancinka ba ta fita daga littafinka ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai mota, gobe in ka tayar, zagaya baya ka dubi abin da salansarka ke fitarwa. Ɗan wani ne zai shaƙe shi.