Hannun mai sana'a na wa ne?



Yau na kawo muku wata magana da ta raba ajinmu gida biyu a ranin da ya wuce. Ajin yana wani ƙauye a arewacin Mayahi. Magidanta ne da samari. Muna haɗuwa bayan la'asar a ƙarƙashin rumfar kara, kowa da allonsa da allinsa.

Garin yana da fanfo guda ɗaya, irin wanda ake takawa da ƙafa. Lokacin da aka kafa shi, jama'a suka zaɓi wani saurayi don ya koyi gyara. Aka tara masa guzuri, aka kai shi Maraɗi. Ya dawo da akwatin kayan aiki. Shekara shida yana kula da fanfon. Allah ya sa wa hannunsa albarka, har ya iya gyaran injin niƙa da babur da injin ban ruwa.

Bara, da aka gama ɗaurin hatsi, sai ya tafi Libiya. Wani abokinsa ya samo masa aikin gyaran injuna a wata gona kusa da Sabha. Ba a yi wata uku ba fanfo ya tsaya. Babu wanda ya san ciwonsa. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai gaba talatin. Tun asuba suna jan guga har rana ta take. Yara mata da yawa suka bar lakwal don taya uwayensu ɗibar ruwa.

Rannan a aji wani dattijo ya ajiye allonsa ya ce: "Malam, yaron nan ya ci amanar gari."

Wani saurayi ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri. Hannunsa ne. Inda ya ga dama nan zai kai shi."

Ranar ba mu yi lissafi ba. Gardama muka yi har magariba. Ga abin da na yi tunani a kai tun daga lokacin.

Tafiya ba laifi ba ce

Mu fara da gaskiyar saurayin. Mu Hausawa mun gaji tafiya. Kakanninmu fatake sun kora jakuna har Gwanja, suna sayo goro a kasuwar Salaga. Ba su kaɗai suka je ba. Maƙera da majema da mahauta da maɗinka sun bi sawunsu. Su ne suka cika zangon Kumasi da na Ankara. Har yau jikokinsu suna can suna jin Hausa.

Mu ma a ƙasar Tasawa da Mayahi haka muka tashi muka gani. Damana wata uku ce ko huɗu. In an kai hatsi rumbu, sai maza su ɗaure kaya. Wasu su yi Katsina da Kano da Legas. Wasu su yi Agadas da Arlit. Wasu su wuce Tamanrasat ko Sabha ko Abijan. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa shida ke rabonta. Ba za ta ciyar da su duka ba.

Manya suna tuna yunwar 1984. Mu kuma mun ga ta 2005 da idonmu, wadda ta gallabi jahar Maraɗi ƙwarai. Gidaje nawa ne suka kai kaka da kuɗin da ɗan bida ya aiko? Kowa ya san amsa. Saboda haka wanda ya fita neman halal don ya rufa wa iyalinsa asiri bai yi abin kunya ba. Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Amma sana'a ba ta mutum ɗaya ba ce

Yanzu mu duba gaskiyar dattijon. Tafiyar ɗan ƙwadago dabam, tafiyar mai sana'a dabam. In saurayi ya tafi tallan shayi ko ga-ruwa, gida ya rage baki ɗaya a kan rumbu. Garin bai rasa kome ba. In mai gyaran fanfo ya tafi, gari duka ya ji ƙishirwa. In magini ya tafi, ɗaki ya faɗi babu mai tayarwa. In ungozoma ko malamin likita ya tafi, sai a ɗora mai naƙuda a kan amalanke a nufi Mayahi cikin dare.

Abu na biyu: babu wanda aka haifa da sana'a a hannu. Wani ne ya koya masa. Ubangida ya yi haƙuri da ɓarnarsa shekara da shekaru. Uwa ta ciyar da shi lokacin da ba ya kawo ko dala. Wani lokaci gari ne ya tara kuɗi, kamar yadda aka yi wa mai fanfonmu. Wani lokaci ƙasa ce ta ɗauki nauyi. Likitan da ya yi karatu a jami'ar Yamai, da harajin talakawa aka gina ajin da ya zauna. Har da harajin manomin da bai taɓa ganin Yamai ba.

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. Ƙasashe masu kuɗi suna kwasar likitoci da masu jinya daga ƙasashe matalauta, domin sun same su a dafe, ba su biya kuɗin karatunsu ba. Abin ya yi yawa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'ida a kai a shekarar 2010. Ƙa'idar ba ta hana kowa tafiya ba. Ta dai roƙi ƙasashe masu kuɗi su daina zawarcin ma'aikatan lafiya a inda suka yi ƙaranci. Abin da manyan duniya suka zauna a kai, shi ne muka tattauna a ƙarƙashin rumfarmu.

To, hannu na mai shi ne. Amma abin da ke cikin hannun, akwai rabon mutane a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Shi garin fa, ya biya nasa bashin?

Kashegari na roƙi ma'ajin kwamitin fanfo ya zo mana da littafin asusu. Da can babu mai iya duba shi sai mutum biyu. Yanzu ajin duka ya iya. Na ba wani ɗalibi ya karanta da ƙarfi.

An rubuta cewa kowane gida zai zuba dala ashirin a wata. An rubuta cewa za a ba mai gyara ladansa a ƙarshen kowane wata. Muka bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Muka tarar wata goma sha ɗaya ba a ba shi ko dala ba.

Na ce: "Wa ya kai masa injin niƙa ko babur ya biya shi cikakke?"

Kowa ya yi shiru. Can wani ya ce: "Ai ɗan gari ne, namu ne."

Ƴan uwa, a nan cutar take. In baƙon makanike ya zo daga Tasawa, muna biyansa nan take, mu ba shi fura, mu raka shi bakin hanya. In namu ne, sai mu ce masa sannu da aiki, Allah ya saka. Addu'a abu ne mai kyau. Amma matarsa ba za ta tuƙa tuwo da ita ba. Yaron nan yana da mata da ƴaƴa uku da tsohuwa. Garin da ya hana mai sana'a guminsa, shi ya fara ɗaura masa kayan tafiya. Amana igiya ce mai baki biyu. In gari ya saki nasa bakin, kada ya yi mamaki in ɗayan ya kuɓuce.

Ƙasar wani ba gida ba ce

Akwai kuma abin da ya kamata mai tafiya ya sani. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tarihi ya nuna mana haka sau da yawa.

A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takardu. Mutanenmu da yawa sun baro shaguna da gidaje. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta Najeriya ta yi irin haka, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita. A 2002 yaƙi ya tashi a Kodebuwa. A 2011 yaƙi ya tashi a Libiya, Gaddafi ya faɗi. Dubban ƴan Nijar suka dawo ta Dirku da Agadas a saman manyan motoci, wasu daga su sai rigar jikinsu. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga maido mutanenmu ayari ayari ta Asamaka.

Hanyar ma ba ta da tabbas. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga ƙasar Kance. Dokoki kuma suna canzawa. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. A watan Nuwamba na 2023 aka soke ta.

Duk wanda aka koro, ina yake nufa? Gida. Ranar nan mai sana'a ya fi kowa sa'a, domin dukiyarsa tana hannunsa, babu sojan da zai ƙwace ta a shinge. Amma zai tarar da garin yadda ya bar shi. In ya bar mutane da ƙishirwa da ɓacin rai, da wace fuska zai shigo? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da nake gani ya dace

Ba na cewa mai sana'a ya zauna yunwa ta kashe iyalinsa. Ba na cewa kuma ya sulale da dare kamar mai gudun bashi. Ya tafi, amma ya sauke nauyi huɗu tukuna.

Na ɗaya, ya bar magaji. Kafin ya tafi ya koya wa yaro ɗaya ko biyu aikin. Manoman jahar Maraɗi sun san wannan dabara a gonakinsu. Tun wajen 1984 suka fara sassaben zamani. Ba a tumɓuke kututture. Ana barin toho biyu ko uku su girma. Ga shi yau gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki. Ɗan koyo shi ne tohon sana'a.

Na biyu, ya yi sallama a fili. Ya je gaban maigari da kwamiti ya faɗi ranar tafiyarsa. Ya miƙa kayan aikin gari a ƙirge. In yana bin bashi, ya faɗa a nan.

Na uku, ya daidaita da gidansa. Ya nemi yardar uwaye. Ya shawarci matarsa, domin ita za ta ɗauki wahalar. A san mai noma gona. A san mai karɓar aike. A san lokacin dawowa.

Na huɗu, ya tafi da ido buɗe. Ya riƙe katin ɗan ƙasa da sauran takardunsa, kada ya ba kowa ajiya. Ya san irin aikin da ladansa tun kafin ya taka mota. Kada ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya sami ɗan littafi yana rubuta kwanakin aikinsa da abin da aka biya shi. A nan karatunmu yake da rana. Can kuma ya yi aiki da gaskiya, domin da halinsa za a auna duk ɗan Nijar da zai zo bayansa.

Gari ma yana da nauyi ɗaya, amma babba: ya biya mai sana'a haƙƙinsa a kan lokaci, ya girmama shi tun yana nan.

Yadda muka ƙare

Ajinmu ya rubuta wa mai fanfo wasiƙa. Kwana biyu muka yi muna gyara ta a allo. Ba mu zage shi ba. Mun amsa namu laifin, mun faɗa masa nasa. Wani ya ɗauki hotonta da salula ya tura masa ta WhatsApp. Kwamiti ya bi gida gida ya tara kuɗin wata goma sha ɗaya, aka kai wa matarsa a gaban shaidu.

Bayan mako ɗaya ya kira. Ya ce a kunce fanfon a nuna masa. Yana kallo ta waya, yana gaya wa ƙanensa abin da zai yi. Ya faɗi sunan abin da ya ci, aka sayo a Maraɗi. Ruwa ya dawo. Ya yi alkawarin in ya zo damana zai koya wa yara biyu aikin sosai.

Har yanzu yana Libiya. Dattijon nan kuma bai sake ra'ayinsa duka ba. Ya ce mini: "Malam, wata uku da matanmu suka yi suna jan guga, wa zai biya su?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ku ma ku duba garinku. Mutum nawa ne in sun tafi gobe aiki zai tsaya? Suna da ƴan koyo? Kuna biyansu? Ku tattauna a ajinku, ku rubuto mana da hannunku abin da kuka gani.

Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya maido su lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.