Uwar da Ba Ta Kiran Sunana

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo a Kura har Allah Ya yi wa Inna rasuwa, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai yaro", shi ke nan. Da aka yaye ni ma, wurin kakata aka kai ni a Bunkure. Na daɗe ina tambayar kaina, shin matar nan tana sona kuwa?

Ashe masana halayyar ɗan Adam ma abin ya dame su. Wata Baturiya, Mary Ainsworth, wadda ta fara nazarin jarirai a Yuganda a 1954, daga baya ta shirya wani gwaji a Amurka. Uwa za ta fita ta bar jariri da baƙuwa, sannan ta dawo a ga yadda zai tarbe ta. Wanda ya nufe ta ya lafa a jikinta, sai a ce ya aminta da ita. Da aka gwada a arewacin Jamus, yara da yawa share uwar suka yi. A Japan kuwa da yawa sun ƙi rarrasuwa. A 1988 wasu masana biyu 'yan Holan suka tattara bincike 32 daga ƙasashe 8, suka tarar a kowace ƙasa masu aminta da uwa su ne suka fi yawa.

Mu ma an leƙo mu. A 1977 Robert LeVine da abokan aikinsa suka fitar da nazarin jariran Hausawa 18. Sun ga yaro yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma ya fi lafawa wurin wanda ya fi ɗaukarsa.

To, mai karatu, ga abin da kakata ta gaya mini. Wata shekara, ana tsakiyar ɗibar tumatir, zazzaɓi ya kwantar da ni. Inna ta zo Bunkure, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ko dube ni ba, sai dai ta ce, "Ya jikin yaron naku?" Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, sai da na ci. Allah Sarki!

Saboda haka kunya ba ƙiyayya ba ce. Amma fa a lura, kunyar Inna ba ta cuce ni ba ne don akwai kaka, akwai goggo, akwai kishiyar uwa masu goya ni. Yarinyar da take zaune ita kaɗai a ɗakin haya a birni, in ta ce za ta yi kunyar ɗan fari, wa zai rungume shi?

Shi ya sa da matata ta kira ɗanmu na fari da sunansa, tsofaffi suka hau salati, ni ban ce uffan ba. Allah Ya ji ƙan Inna, amin.